Ƙasarmu na tafiya kogi, mu muna haddar darasi

A watan Yunin da ya wuce na tambayi 'yan ajina na CM2 mece ce zaizayar ƙasa. Hannuwa suka tashi, aka zubo mini amsa da Faransanci yadda take a littafi, ko wasali ba a kuskure ba. Sai na ce, "To, wa zai kai ni ya nuna mini ita?" Aji ya yi tsit. Alhali rabinsu a safiyar nan sai da suka kewaye wani kwazazzabo kafin su iso makaranta. Muna yara tsallake shi muke yi. Yau zai haɗiye amalanke da jakinta.

Wannan abin kunya namu ne, mu malamai da ku iyaye.

Allah bai hana mu ruwa ba. Yankin Gaya na samun kusan milimita 800 a shekara, abin da Tawa da ƙyar take ganin rabinsa. Amma ruwan da ya kamata ya nutse a gonakin tudu na Tunuga gudu yake yi, don ya tarar da ƙasa tsirara. Ya kwashe ta sama, wadda ita ce mai abincin shuka, ya bar mana faƙo. Rairayin kuma ya gangara ya binne fadama, sauran ya wuce kogin Isa. Asara biyu ke nan: hatsi ya ƙi a tudu, shinkafa ta ƙi a kwari. Mai gona ya ci bashi ya zuba takin zamani, ruwa ɗaya ya tafi da shi, sai ka ji an ce ƙasa ta tsufa.

Wa ya tuɓe ta? Mu ne. Lokacin sharar gona muna sassabe sabara da ƙalgo ƙarƙaf mu cinna wuta. Bayan girbi mu kwashe kara da harawa mu kai kasuwa. A da, Bafillace na sauka da shanunsa a gona bayan kaka, su ci kara su bar taki, a sallame shi da damin hatsi. Yanzu manomi ya cinye burtali, dabbobi sun cushe a ɗan makiyayar da ta rage suna tattake ta har ciyawa ta daina fitowa. Kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, ƙasa kuwa tana tafiya.

Za a ce talauci ne. Na yarda, wanda rumbunsa ya ƙare ba ya jin wa'azin kara. Amma mutanen Maradi sun fi mu kuɗi ne? Tun 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara aiki da manoman can, suka koma barin 'ya'yan itacen da ke tohowa daga kututture, su zaɓi biyu ko uku su gyara, su sare sauran. Sassaben zamani ke nan, kuma da shi aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. A Adar, tassa da rabin wata da jeren duwatsu suka mayar da faƙo gona. Marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso da fartanya da taki ya yi aikin da duniya ta san shi da shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke jiran mota daga Yamai.

Mu namu fa? Ranar 3 ga Agusta a yi bikin dashen itace, a sa fararen kaya, a ɗauki hoto. Makaranta na cikin hutu, babu mai ban ruwa, babu shinge. Kafin a koma aji a Oktoba awaki sun gama aikinsu.

Malam ɗan'uwana, ka fitar da yaran nan daga aji. Ka kai su bakin kwazazzabo da igiya su auna faɗinsa, su kafa turke, bayan damana su sake aunawa. Ga lissafi, ga kimiyya. Ka kai su ƙarƙashin gawo su ga yadda yake zubar da ganye da damana, su gwada zangarniyar gindinsa da ta nesa. Kwamitin COGES ya nemi ɗan faƙo kusa da makaranta, kowane aji ya haƙa rabin watansa.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya dawo ya ce, "Baba, a bar wannan sabarar," kada a ce masa bokon banza ne. Gonar nan shi zai gada. Kullum muna kukan samari sun tsallaka Kamba da Malanbil sun ƙi dawowa. Su dawo su noma me?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sharar gona na tafe. Bana kowa ya bar kututture goma a gonarsa, mu ga abin da damana za ta ce.