Hunturu Da Annobar Kaji: Wa Zai Ceci Akurkin Talaka?

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, labari ɗaya ake ji a unguwanni da ƙauyukan Arewa: an wayi gari akurki ya zama kango. A wannan zamani da albashi ba ya kai ma'aikaci ƙarshen wata, asarar ba ƙarama ba ce. Kajin tsakar gida su ne asusun matan aure. Da su ake biyan kuɗin makaranta, a sayi magani, a fita kunyar baƙo.

Kaza mai lafiya tana iya rayuwa shekara 5 zuwa 8. Kajin gidan gona ba sa kaiwa nan, domin na nama ana yanka su a mako 6 zuwa 8, masu ƙwai kuma ana sayar da su bayan kimanin shekara ɗaya da rabi. Kazar Hausa ce kaɗai ke da damar tsufa, tana kwancin kwana 21 tana ƙyanƙyasa, amma ita ma cuta ba ta barinta.

Babbar mai kisan ita ce cutar Niyukasul, wadda ta fi ƙamari a lokacin sanyi. Alamunta a bayyane suke: kaza ta ware gefe ta takure, gashinta ya tashi, fukafukai su saki, ta daina ci, tana numfashi da baki a buɗe, kashinta ya koma kore mai ruwa, daga baya wuya ya murɗe ko ƙafafu su shanye. Idan kuwa kai ya kumbura, zanko ya yi duhu, kaji suka riƙa faɗuwa farat ɗaya, to a yi zargin murar tsuntsaye, wadda kan kama mutum. A gonar Sambawa ta Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006, ta kuma sake ɓulla a Kano da Legas a 2015.

Abin da ke ƙara wa wutar mai shi ne halinmu. Da an ga kaza ta yi laushi, sai a jiƙa mata barkono ko saƙe-saƙin maɗaci, ko a fasa mata kafso a ruwa, alhali maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ƙwayar bairus. Idan abin ya faskara, sai a garzaya da sauran kasuwa a sayar da araha. Can za su kwana a keji ɗaya da lafiyayyu, wani ya saya ya kai gidansa. Haka annoba ke hawa mota daga kasuwar ƙauye zuwa tsakiyar birni. Dillalin da ya ci ribar araha yau, gobe kejinsa ne zai zama fanko.

Abin takaici, rigakafin yana nan. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a idon kaza duk bayan wata 3 ko 4. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma da an haɗa ta ba ta ajiyuwa. Mai kaji goma ba za ta saya ita kaɗai ba, malamin dabbobi kuma ba ya zuwa ƙofarta. Manyan gonaki suna da likitocinsu da ƙungiyarsu. Matar da ke kiwo a bayan ɗaki ba ta da mai magana da yawunta.

A nan ne ya kamata Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, wadda Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro a 2024, ta nuna cewa kiwo bai tsaya ga shanu ba. Horar da matasa da mata su riƙa zagaya gida-gida da rigakafi kafin shigowar sanyi aiki ne mai sauƙin kuɗi, kuma sana'a ce. Haka batun diyya: muddin mai kaji ya san kai rahoton murar tsuntsaye na nufin a kashe masa dukiya a bar shi da jira, ɓoyewa zai yi.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi kwalba ɗaya, su yi rigakafi rana guda. A killace sabuwar kaza mako 2 kafin a haɗa ta da na gida, a ware maras lafiya, a binne mushe cikin rami mai zurfi maimakon jefawa a bola, a kuma hana yara taɓa shi. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kaji kuwa ba su san katanga ba.