Faɗuwar Gwani da Tashinsa: Abin da Labarin Tiger Woods Yake Koyarwa

Idan kaka ta yi a Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, gero ya shiga rumbu, samari sukan share fili su kafa kokowa. A irin wannan fage akwai tambayar da ba ta tsufa, wadda ƴan kallo suke yi wa juna duk ranar da aka kai wani gwani ƙasa: shin zai sake tashi kuwa? Tambayar nan ita ce duniya ta shafe shekara goma tana yi game da Tiger Woods, Ba'amurken da ya mamaye wasan ƙwallon lambu, wato golf, kafin rayuwarsa ta gida ta wargaje a bainar jama'a a shekarar 2009. Ra'ayin wannan maƙala shi ne gwani yana iya tashi bayan ya faɗi, amma ba shi kaɗai yake tayar da kansa ba, kuma nasarar fili ba ta biyan bashin da ya ɗauka a wajen fili.

Ga wanda bai san wasan ba, tsarinsa mai sauƙi ne. Ɗan wasa yana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ya jefa ta rami, filin yana da ramuka 18, ana kewaya shi sau huɗu cikin kwana huɗu, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Manyan gasanni huɗu ne a shekara, kuma da su ake auna darajar ɗan wasa. An haifi Woods a ƙarshen Disambar 1975. A 1997, yana ɗan shekara 21, ya ci gasar Masters da ratar bugu 12. Zuwa Yunin 2008 ya tara manyan kofuna 14, na ƙarshensu kuwa ya ɗauke shi ne da tsagewar ƙashi a ƙafa da tsinkakkiyar jijiya a gwiwar hagu. A lokacin saura huɗu ya kamo Jack Nicklaus mai kofuna 18, kuma mutane ƙalilan ne suke shakkar zai kamo shi.

Ranar 27 ga Nuwambar 2009 ya yi haɗarin mota a ƙofar gidansa a jihar Fulorida, daga nan asirin cin amanar aurensa ya tonu. Ya janye daga wasa, wasu manyan kamfanoni irin su Accenture da AT&T suka yanke hulɗa da shi, ya fito ya nemi gafara a Fabrairun 2010, aurensa kuma ya mutu a watan Agustan shekarar. Ya gama 2010 bai ci gasa ko ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun da ya zama ƙwararre. Kafin shekarar ta ƙare Lee Westwood ya karɓe matsayin na ɗaya a duniya, wanda Woods ya riƙe mako 281 a jere. A Nuwambar 2011 ya gangara zuwa na 58.

Daga nan ne labarin da ya fi yaɗuwa ya samo asali: abin kunya ya karya masa zuciya, zuciya ta karya masa hannu. Labari ne mai daɗin bayarwa, domin yana ɗauke da hukunci a cikinsa, sai dai lissafi bai goyi bayansa duka ba. A Afrilun 2010, ƙasa da wata biyar bayan tonon asirin, lokacin da kunyar take kan ganiyarta, Woods ya koma Masters ya zo na huɗu. A Afrilun 2011 ya sake zuwa na huɗu. Abin da ya biyo bayan tonon asirin ya fi kama da rushewar gida gaba ɗaya: mai horar da shi, Hank Haney, ya ajiye aiki a Mayun 2010, ya shiga sauya salon bugunsa a hannun Sean Foley, ya ji rauni a gwiwa da agara a 2011 har ya rasa manyan gasanni biyu, ya kuma rabu da Steve Williams, mai ɗaukar masa jakar sanduna da ba shi shawara tun 1999. Da waɗannan suka lafa, sai ya ci gasa uku a 2012, ya ci biyar a 2013, ya koma na ɗaya a duniya. Ke nan koma bayan da ya biyo rikicin gida bai kai shekara uku ba.

Doguwar faɗuwar ta zo ne daga baya, kuma daga gadon bayansa ta fito. An yi masa tiyata a 2014, aka sake sau biyu a 2015, sannan a Afrilun 2017 aka haɗe masa wasu ƙasusuwan ƙashin baya. A Mayun wannan shekara ƴan sanda suka same shi yana barci a cikin mota, da magungunan kashe zafi da na barci a jininsa. Zuwa ƙarshen Nuwambar 2017 yana matsayi na 1,199 a duniya. Bayan wata goma ya ci gasar rufe kakar wasa a birnin Atlanta, ranar 14 ga Afrilun 2019 kuwa, yana da shekara 43, ya ci Masters karo na biyar da ratar bugu ɗaya. Shi ne babban kofinsa na 15, bayan kusan shekara 11 yana nema. A Oktoban shekarar ya ci gasa a Japan, ya kamo Sam Snead a yawan nasarori, 82.

Ɗaliban harshe suna da makamin da za su warware wannan labari da shi. A rabon aikatau na Hausa zuwa aji bakwai, wanda F. W. Parsons ya gabatar a 1960, ana ganin yadda saiwa ɗaya take sauya ma'ana da sauyin ƙarshenta. "Ya tashi" yana nuna mutum ne ya yi aikin da kansa. "An tayar da shi", ɗan aji biyar, yana nuna akwai wani hannu. "Ya taso" da "ya dawo" da "ya farfaɗo", masu ƙarewa da wasalin o na aji shida, suna nuna motsi zuwa inda mai magana yake. "Ya gyaru" da "ƙashi ya ɗoru", ƴan aji bakwai, suna faɗin sakamako su ɓoye wanda ya yi aikin. Masu sharhi sun fi son "ya dawo", kuma kalmar tana tona abin da suke so, wato gwani ya komo daidai wurin da suka bar shi, ya ci gaba da faranta musu rai. Gaskiyar abin da ya faru ta fi kusa da aji bakwai: Woods ya gyaru, kuma a bayan wannan kalma akwai likitan da ya yi tiyata, da masu gasa jiki, da shirin jinyar da ya shiga don rabuwa da dogaro da magani, da kamfanin Nike da bai sake shi ba a 2009, da dukiyar da ta ba shi damar zama shekara biyu ba ya samun kuɗin gasa ba tare da tukunya ta daina tafasa ba.

Kuma wanda ya dawo ba wanda ya tafi ba ne. Manyan kofunansa 14 na farko duk ya ɗauke su ne yana kan gaba, shi kaɗai ko tare da wani, tun kafin zagayen ƙarshe. A 2019 ya shiga ranar ƙarshe Francesco Molinari yana gabansa da bugu biyu. Bai ci da ƙarfin da aka san shi da shi ba. Ya buga a tsanake, ya kauce wa ruwan da ke gaban rami na 12, inda Molinari da wasu abokan takara suka jefa ƙwallayensu, ya bar kuskuren wasu ya share masa hanya. Wannan nasarar dattijo ce, irin ta tsohon ɗan kokowa da ya daina ɗaga abokin karawa sama, ya koma jiran ƙafar da za ta zame.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi ga wannan ra'ayi, kuma ya cancanci a saurare shi. Misali ɗaya ba ya kafa ƙa'ida. David Duval ya zama na ɗaya a duniya a 1999, ya ci babbar gasar Birtaniya a 2001, daga nan bai sake cin gasa a babban rukunin Amurka ba. Ian Baker-Finch na Ostireliya ya ci wannan gasa a 1991, bugunsa ya lalace har ya yi 92 a zagaye ɗaya a 1997, ya janye. Golf wasa ne da ke bai wa mutum lokacin tunani tsakanin bugu da bugu, kuma tunanin da ya yi yawa yana sa hannu rawa. Waɗanda suka faɗi ba su tashi ba sun fi waɗanda suka tashi yawa. Shi kansa Woods, haɗarin motar da ya yi a Kalifoniya a Fabrairun 2021 ya farfasa masa ƙafar dama. Ya koma Masters a 2022 ya zo na 47, kuma kofuna 18 na Nicklaus suka yi masa nisa. Wannan ƙalubale bai rushe ra'ayin ba, ya dai sa masa iyaka. Tashi mai yiwuwa ne, kamar yadda Ben Hogan ya nuna tun da daɗewa, da ya ci babbar gasar Amurka a 1950 bayan motarsa ta yi karo da bas a 1949, amma yana da sharuɗɗa: gwanintar da ba ta mutu ba, jikin da zai karɓi gyara, lokaci, da mutanen da za su tsaya.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi shafar ƙasar Maraɗi. A nan aka haifi tarihin takobin kokowa na Nijar, domin Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukarsa a Tawa a 1975, kuma filin kokowar birnin da sunansa ake kiransa. A gasar ƙasa kowace jiha cikin takwas tana kawo ƴan kokowa goma, kuma faɗuwa ɗaya tak tana fitar da mutum daga neman takobi a wannan shekara. Tsari ne da ke koya wa ƴan kallo cewa faɗuwa hukunci ce. Amma ɗan kokowar ƙauye da ya goce a kafaɗa, ko aurensa ya mutu, ko bashi ya kama shi bayan damina ta ƙi, ba shi da likitan ƙashin baya, ba shi da kamfanin da zai riƙe shi. Yana da madori, da gonarsa, da bakin jama'a. Makaɗin da ya wasa shi bara zai juya ganga zuwa ga sabon gwani, masu kari su bi ganga. Idan irin wannan bai sake tashi ba, sai a ce zuciyarsa ce ta mutu, alhali abin da ya rasa shi ne hannun da zai tayar da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumomin kokowa na jiha da na gunduma, da attajiran da ke zuba kyauta ranar nasara, sun fi dacewa su ware wani kaso na wannan kyauta domin jinyar wanda ya ji rauni da riƙon wanda ya shiga wani hali. Haka nan a jami'a: ɗalibin da ya saba zama na gaba, sakamakonsa ya faɗi bayan rasuwar mahaifi ko rikicin gida, ya fi buƙatar malamin da zai kira shi ya tambaye shi dalili, a kan tsokacin cewa dama ƙoƙarin nasa na ɗan lokaci ne.

Sai dai akwai kuskure na biyu, wanda yake kishiyar na farko, kuma shi ne aka fi tafkawa a 2019. Da Woods ya ci Masters, jaridu da yawa suka ɗauki nasarar a matsayin wankin laifi, kamar dai ramin ƙarshe ya goge abin da ya faru a 2009. Wannan rikita ma'auni biyu ne. Alƙalamin gasa bugu yake ƙirgawa, ba ya ƙirga amana. Matar da aka ci amanarta da ƴaƴan da suka tashi cikin surutun duniya ba su cikin lissafin ramuka 72, kuma tuƙa mota cikin mayen magani haɗari ne ga rayukan wasu ko da mai tuƙin ya ci kofi ɗari daga baya. Idan akwai gyaran hali, tsakaninsa ne da waɗanda ya ɓata wa, kuma su ne masu ikon shaidarsa. Hausa ta raba waɗannan abubuwa da kalmomi daban: akwai gwaninta, akwai mutunci. Ana iya maido da ta farko da tiyata da atisaye. Na biyu kuwa sai da tuba, da biyan haƙƙi, da tsawon zama lafiya da mutane. Al'ummar da ta haɗe su za ta yi ɗayan zalunci biyu: ko ta binne gwani da rai saboda laifinsa na gida, ko ta yafe masa a madadin waɗanda bai nemi gafararsu ba saboda ya sake cin wasa.

Saboda haka, ga mai tambaya ko tauraro yana iya farfaɗowa bayan rikicin rayuwa, amsar ita ce yana iyawa, kuma tarihin shekarun 2009 zuwa 2019 shaida ne. Rikicin gida yakan girgiza gwani na ɗan lokaci, rauni da shekaru su ne suke yanke hukunci na dindindin, kuma tsakanin faɗuwa da tashi akwai mutane da yawa da sunayensu ba sa fitowa a allo. Ranar da aka sake kai wani gwani ƙasa a filin Gidan Amumune, kafin a tambaya ko zai tashi, ya kamata a fara duba wa ya rage tsaye kusa da shi bayan makaɗa sun bi wanda ya yi kaye.