Raddi ga Masu Halasta Azabtar da Fursuna da Sunan Tsaro

Tun 2002 Farfesa Alan Dershowitz na Jami'ar Harvard yake tallata wata magana da ta ƙi mutuwa: wai idan an dasa bam a gari, aka kama wanda ya san inda yake, to alƙali ya ba da izini a soka masa allura a ƙarƙashin farce har ya faɗa. Da irin wannan tatsuniya ake wanke abin da aka aikata a Guantanamo da kurkukun ɓoye na CIA. Bari mu bi ta daki-daki.

Na farko, wa ya ba ku tabbacin cewa wanda ke hannunku shi ne mai bam ɗin? Rahoton kwamitin Majalisar Dattawan Amurka na Disamba 2014 ya ce cikin mutum 119 da CIA ta tsare, aƙalla 26 bai kamata a tsare su ba sam. Gul Rahman, a Nuwamba 2002 aka ɗaure shi da sarƙa a kan siminti a Afghanistan, ba wando, sanyi ya kashe shi. Wane bam aka kwance da gawarsa?

To mu ce ma shi ne. Yaushe azaba ta zama ma'aunin gaskiya? Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. An miƙa Ibn al-Shaykh al-Libi ga Masar, aka gana masa azaba, ya ce Iraƙi ta koya wa Alƙa'ida makamai masu guba. Colin Powell, Sakataren Harkokin Wajen Amurka na lokacin, ya kai maganar Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairu 2003, aka shiga yaƙi da Iraƙi, a 2004 al-Libi ya janye maganar. Haba jama'a! Wannan ne ceton rayukan? Khalid Sheikh Mohammed, a hannun CIA aka kwantar da shi, aka rufe masa fuska da ƙyalle, sau 183 ana kwarara ruwa har numfashi ya sarƙe. In da abin yana aiki cikin gaggawar da ake faɗa, me ya kawo na biyu, balle na 183? Tun zamanin Ammar bin Yasir muka san abin da azaba ke fitarwa daga bakin mutum: aya ta 106 a Suratun Nahl ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta, jumhurun malaman fiƙihu kuma ba sa karɓar iƙirarin dole.

Na biyu, wai izinin alƙali zai taƙaita ɓarnar. Yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, wadda Amurka ta tabbatar a 1994, ta toshe wannan ƙofa a sashe na 2: babu uzurin yaƙi, babu na dokar ta-ɓaci. Hatimin kotu ba ya mayar da haram halal.

Na uku, lauyoyin gwamnatin Bush sun ce Guantanamo ƙasar Kuba ce, hannun kotu bai kai can ba. Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta yi watsi da wannan wayon a 2004 da 2008.

Wai fursunonin Guantanamo su ne mafi haɗari a duniya? Cikin kusan mutum 780, mafi yawa an sallame su ba tare da an tuhume su da komai ba. Mohammed el Gharani, ɗan Chadi, yana yaro aka kai shi, sai 2009 alƙali ya ce a sake shi. A gaya mana wanda zai biya shi ƙuruciyarsa.