Digiri na biyu daga nesa: Riba da haɗari ga ma'aikatan kwamfuta na Sokode da Dapaong

Matashin da ya kammala karatun kwamfuta ya koma gida Sokode ko Dapaong yakan tarar da hanya biyu a gabansa idan yana son ƙara ilimi: ko ya ajiye aiki ya tattara ya koma Lome, ko ya haƙura da takardar da ke hannunsa. Daga Sokode zuwa Lome kusan kilomita 340 ne, daga Dapaong kuma ya haura 600. Manyan makarantun kwamfuta na ƙasar, irin su IAI-Togo da sassan Jami'ar Lome, suna bakin teku. Jami'ar Kara da ta fara aiki a 2004 ta rage wa 'yan arewa nisa, amma mai aiki da iyali ba ya iya zaman aji kullum. Shi ya sa hanya ta uku, wato yin digiri na biyu ta intanet, ta cancanci a auna ta, musamman a fannin jagorancin ayyukan manhaja.

Me ya sa wannan fanni? Saboda Togo ta ɗora kaso mai yawa na aikin gwamnati a kan manhaja. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, ma'aikatar tattalin arzikin zamani ƙarƙashin Cina Lawson ta fito da shirin Novissi, wanda ya tura tallafin kuɗi ta waya ga mutane sama da dubu 800. A 2021 an buɗe cibiyar ajiyar bayanai ta Lome, aka kuma kafa hukumar Agence Togo Digital. A watan Maris na 2022 igiyar intanet ta ƙarƙashin teku ta kamfanin Google, mai suna Equiano, ta sauka a Lome kafin ko'ina a nahiyar Afirka. Ga kuma shirin katin shaida na e-ID Togo da Bankin Duniya ke tallafawa. Kowanne daga cikin waɗannan yana buƙatar masu rubuta manhaja, amma ya fi buƙatar wanda zai tsara aikin: ya tantance abin da ake so, ya ƙiyasta kuɗi da lokaci, ya raba aiki, ya hango matsala kafin ta iso.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga mutanen Didaoure. Unguwar ta tashi ne a matsayin zangon fatake a kan hanyar goro tsakanin ƙasar Gwanja da ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Jamusawa. Ayari ba ya tashi sai da madugu, wanda ke lissafin guzuri, ya san inda za a yada zango, ya sasanta da sarakunan hanya kan kuɗin fito, ya kuma ɗauki laifi idan kaya suka salwanta. Jagoran aikin manhaja madugu ne. Ba lallai ya fi kowa iya rubutu ba, amma shi ake tambaya idan ayari bai isa ba.

Rashin madugu nagari yana da tsada ko a ƙasashe masu arziki. Faransa ta fara biyan sojojinta albashi da manhajar Louvois a 2011. Dubban sojoji suka riƙa samun albashi ba daidai ba, wasu an rage musu, wasu an yi musu ƙari sannan aka nemi su mayar, har gwamnati ta sanar da yin watsi da ita a ƙarshen 2013. Tun 1975 masani Fred Brooks ya nuna cewa ƙara ma'aikata a aikin manhaja da ya riga ya makara yana ƙara masa makara ne, domin sababbi sai an koya musu, kuma yawan baki yana ƙara yawan taro. Irin wannan darasi ne ake koyarwa a fannin, tare da hanyoyin aiki kamar Scrum, inda ake gutsura aiki zuwa 'yan makonni, a nuna wa mai kaya abin da aka yi kafin a ci gaba.

Ƙofofin karatun suna da yawa. A ɓangaren Faransanci akwai shirin karatu daga nesa na ƙungiyar jami'o'i ta AUF, inda jami'o'in Faransa da na Afirka ke ba da digiri ta intanet. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, Cote d'Ivoire a 2015. A ɓangaren Ingilishi akwai jami'ar NOUN ta Najeriya, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kuɗin makarantun Najeriya ya yi sauƙi ga mai samun sefa. Ɗan zango da ke jin Hausa a gida, ya yi boko da Faransanci, yana da dangi a Kumasi ko Kano, yana tsaye ne a mahaɗar waɗannan ƙofofi. Sai dai ɗaya suke a ido, ba ɗaya suke a riba ba.

Tarko na farko shi ne amincewa da takarda. Togo tana cikin majalisar CAMES mai hedikwata a Wagadugu, wadda ke tantance digirorin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Najeriya da Gana ba sa ciki. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida. A watan Janairun 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, daga baya kuma ma'aikatar iliminta ta ce jami'o'i uku kaɗai ta amince da su a Togo, ciki har da ta Lome da ta Kara. Wannan ya shafi karatu daga nesa ta fuska biyu. Jami'ar Najeriya tana iya ƙin karɓar digirin farko na wanda ya fito daga makarantar kuɗi ta Togo, komai ingancinta. Sannan masu ɗaukar aiki sun ƙara zargin duk takardar da aka samu ba tare da zaman aji ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, kuma masu karatun gaskiya ne ke cin tuwon. Don haka tambayar farko ba "nawa ne?" ba ce, "wa ya san wannan takarda, kuma a wace ƙasa zan yi aiki da ita?" ce.

Na biyu shi ne kuɗi. Digirin kwamfuta ta intanet na jami'ar Georgia Tech ta Amurka, wanda aka fara a 2014, ya yi suna da araha saboda a shekarunsa na farko bai wuce kimanin dala dubu 7 ba. Amma wannan ya kai kusan sefa miliyan huɗu, alhali mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne a wata, wato albashin fiye da shekara shida. Kuma kuɗin makaranta ba shi kaɗai ba ne. Akwai kuɗin data, akwai katin banki da zai iya biya a waje, domin Flooz da Mixx ba kowace jami'a ke karɓa ba, akwai kuma tafiyar jarrabawa. Shirye-shirye da yawa suna koyarwa ta intanet amma sai an je cibiya an rubuta jarrabawa a gaban mai sa ido. Ga ɗan Dapaong, wannan yana nufin yini guda a mota, da masauki, da izinin wurin aiki.

Na uku shi ne wuta da layi. Igiyar da ta sauka a Lome ba ta nufin sauƙi ya iso kowace unguwa a arewa, kuma ɗauke wutar da ƙasar ta sha a 2024 ya nuna cewa ɗalibi yana buƙatar batir ko sola. Akwai kuma siyasa. A watan Satumban 2017, bayan zanga-zangar da Sokode ta kasance cibiyarta, gwamnati ta katse intanet, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka a 2020. Yankin Savanes, inda Dapaong take, yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun watan Yunin 2022. Jami'ar da ke Turai ba ta ɗaga ranar miƙa aiki don layi ya yanke a Tchaoudjo.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa: jagoranci ba ya zama a kai sai an yi shi da hannu. Ko takardar ƙwarewa ta PMP, wadda kamfanoni da yawa ke nema, tana buƙatar mai digiri ya nuna shekara uku yana jagorantar ayyuka. Manyan ayyukan manhaja kuwa a Lome ake raba su. Idan ba a kawo wasu arewa ba, karatu daga nesa zai zama tikitin mota ne kawai: mutum ya gama, ya tattara ya tafi.

Wannan ne ya sa maganar ta wuce ta mutum ɗaya. Tun zaɓen 2019 Togo tana da ƙananan hukumomi 117 da ke da rajistar haihuwa, harajin kasuwa da takardun filaye da ke jiran a shigar da su kwamfuta. Wanda ya san yadda 'yan kasuwar Sokode ko Cinkasse ke ciniki, yake jin Tem da Hausa ko Moba, ya fi kowa dacewa ya zauna tsakanin masu rubuta manhaja da masu amfani da ita. Jami'ar Kara tana iya zama cibiyar jarrabawa ga shirye-shiryen waje. Ƙungiyoyin zango, da suka saba haɗa kuɗin biki da na jana'iza, suna iya haɗa ɗaki ɗaya mai sola da layi mai ƙarfi, kamar yadda Senegal ta gina wa ɗalibanta na intanet cibiyoyi a garuruwa. Shi kuma mai niyyar karatu, kafin ya biya ko dala, ya nemi shaidar amincewa a rubuce daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, ya tambayi inda ake jarrabawa, ya kuma nemo aiki na gaske, ko da lissafin wani kantin magani ne a Didaoure, wanda zai jagoranta tun daga watan farko.