Farfaɗowar da Ba Ta Iso Kasuwar Gumi Ba

Jami'an gwamnatin tarayya sun daɗe suna shelar cewa tattalin arzikin Najeriya ya farfaɗo, alhali manyan ƙasashe na tafiyar hawainiya. Suna da abin kafa hujja. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce arzikin cikin gida ya ƙaru da kashi 4.23 cikin ɗari a rubu'i na biyu na 2025, yayin da na Jamus ya ja baya shekara biyu a jere, 2023 da 2024. Alƙaluman gaskiya ne, amma fassarar da ake yi musu yaudara ce.

A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, ta Janairun 2025 kuwa aka sanar da cewa kashi 24.48 ce. Babu abin da ya yi araha cikin wata guda. Hukumar ce ta sauya ma'auninta. Ko da saukar ta gaske ce, ma'anarta kawai ita ce tsada ta rage gudu.

Malamin firamare da ke zaune a Kawo ya fi kowa sanin lissafin. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa daga 30,000 ya tashi zuwa 70,000, Jihar Kaduna ta ce za ta biya 72,000. Mai ya ninka sau biyar, albashi bai kai ninki biyu da rabi ba. Wannan giɓin ne yake sa magidanci ya shiga Kasuwar Sheikh Gumi da niyyar tiya, ya fito da rabinta.

Bunƙasar kuma ta fi fitowa daga bankuna, kamfanonin sadarwa da rijiyoyin mai, waɗanda ba sa ɗaukar ma'aikata da yawa. Kaduna ta taɓa ganin akasin haka: masaƙar KTL da ke Kakuri, a ƙetaren kogi, ta ciyar da dubban gidaje daga 1957 har ta rufe a 2002.

Tun da aka cire tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Talaka ne ya biya wannan kuɗin a gidan mai, don haka haƙƙinsa ne a nuna masa inda aka kai shi: wutar lantarki, taki, ko masana'antar da za ta ɗauki ɗansa aiki. Kafin nan, masu shelar farfaɗowa su dakata da ganga.