Ba Turawa ne suka kawo jagorancin mata ba

Da zarar an ce a sa mace a kwamitin Islamiyya ko na rabon tallafin ambaliya a Auyo, sai wani ya gyara zama ya ce, "Wannan ai aƙidar Turawa ce." Mai wannan magana bai san tarihin addininsa ba, balle na maƙwabcinsa.

A duba Kiristocin farko. Wajen shekara ta 57, Bulus ya rubuta wa Romawa wasiƙa, ya gabatar musu da Fibi, mai hidimar ikilisiyar Kankiriya, ya ce su ba ta duk taimakon da ta nema. A Filibi, gidan Lidiya mai fataucin tufafi ne matattarar masu bi. A Afisa, Bilkisu da mijinta Akila ne suka zaunar da Afolos, gwanin wa'azi, suka gyara masa karatu. A lokacin kuwa mutanen Ingila gumaka suke bauta wa.

To, mu dawo gida. Manyan sahabbai wajen Nana A'isha suke zuwa neman fatawa, kuma hadisai fiye da 2,000 aka ruwaito daga gare ta. Shehu Usmanu, a littafinsa Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru: ta zaɓi dattijuwa, ta ɗora mata malfa, ta naɗa ta jaji, ita kuma ta shiga ƙauyuka tana karantar da mata tsarki da salla. Asma'u ta rasu a 1864. Turawa ba su ci Haɗeja da yaƙi ba sai 1906. Wa ya koya wa wa?

Illar wannan kuskure a tukunya take bayyana. Idan kogin Haɗeja ya cika ya shanye shinkafa, wa ya san gidan da mai jego ta kwana ba a ɗora girki ba? Wa ya san mai takabar da ba za ta fito bin layi ba? Namiji a zaure yake tsayawa. Malamar da ke shiga gida-gida ita ta san su, amma sai a rubuta sunaye ba a tambaye ta ba.

Ba wanda ya ce mace ta hau mumbari. Hakimi, dagatai da limamai su ba malamai mata kujera a kwamitocin makaranta, zakka da tallafi, matan su faɗa a ji, su sa hannu a takarda. Wanda ya ƙi, ya kawo hujjarsa daga littafi, ya daina fakewa da Bature.