LAFIYA UWAR JIKI: Laifin da ake ɗora wa haƙorin yaro

A garin Dogo, kudu da birnin Damagaram, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, in jariri ya kama zawo ko jikinsa ya yi zafi, magana guda ke fitowa daga bakin tsofaffi: haƙori ne. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar zama likitan haƙora, a Dakar yake ko a wani wuri, amsar da ake nema gare shi dabam ce. Ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikata su san ta, tun da su ma iyaye ne.

Abin farko da ake tambayar ɗalibi shi ne lissafi. Haƙoran nono 20 ne, 10 sama, 10 ƙasa, kuma tun yaro yana ciki suke fara ginuwa. Biyu na gaba na ƙasa ke fara ɓullowa, tsakanin wata 6 da 10, sa'an nan na sama su biyo. Matauna na farko, wato turamen baki, suna zuwa tsakanin wata 13 da 19, fiƙoƙi kuwa tsakanin wata 16 da 23. Nan tarkon jarrabawa yake, domin fiƙa ta fi kusa da gaba, amma turmi ya riga ta fitowa. Matauna na biyu ke zuwa a ƙarshe, wajen shekara 3 baki ya cika.

Abu na biyu shi ne tazara. Uwa takan damu in ta ga haƙoran ɗanta sun yi rata, alhali wannan wushirya alheri ce. Haƙoran girma na gaba sun fi na nono faɗi, dole su sami fili. A 1950 wani likita, Louis Baume, ya bayyana wuraren da aka fi samun ratar: a sama gaban fiƙa, a ƙasa bayanta. Yaron da haƙoransa suka matsu, ko tsinke ba ya shiga, shi ake tsoron na girma su hau juna. Haka nan haƙorin nono da ya ruɓe aka cire shi tun lokaci bai yi ba, maƙwabtansa sukan karkato su cinye gurbin magajinsa. Wajen shekara 6 turmin girma na farko ke fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye sukan zata na nono ne, su bar alawa ta ɓata shi, ga shi kuwa ba shi da magaji.

Abu na uku ya fi su nauyi. Fitowar haƙori tana kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, ba ta kawo zawo ko zazzaɓi mai tsanani. Lokaci ne kawai ya haɗa su. Daga wata 6 kariyar da yaro ya samo daga jinin uwa take raguwa, ya fara kunu, ya fara rarrafe yana kai kome baki, ga sauro da damina. Wanda ya ce haƙori ne ya zauna gida, ya ba cuta kwanaki kyauta.

Mafi muni ita ce noma, cutar da ke cinye kunci da leɓe. Tana kama yara masu tamowa, galibi tsakanin shekara 2 da 6, kuma daga dasashi take farawa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa in ba magani yara 9 cikin 10 na iya mutuwa, kuma a Disamba 2023 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. A 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta fara aiki kan wannan cuta a Damagaram. In an tare ta tun tana dasashi, magani da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

Saboda haka mai gida, kafin ya fita kasuwa ko wurin aiki, ya ɗaga leɓen ɗansa ya duba. Jini a dasashi, warin baki ko kumburin kunci, sai likita ran nan, ba gobe ba. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa yana iya komawa baɗi, yaron da noma ta ci fuskarsa ba shi da wannan dama.

Allah ya raya zuri'a, ya ba da lafiya mai amfani.